Bindiga a Hannun Wa? Tarihin Makamin Wuta a Daulolin Musulmi da Yadda Ya Kamata a Koyar da Shi a Jami'a

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun bindiga a wasu daulolin Musulmi, daga Masar ta zamanin Mamalik zuwa faɗuwar Sakkwato a 1903. Ta nuna cewa a mafi yawan waɗannan dauloli masu daraja sun ƙyamaci sabon makamin, sarakuna suka danƙa shi ga bayi da baƙi da marasa galihu, kuma wannan zaɓi ya sauya tsarin iko fiye da yadda ya sauya sakamakon yaƙi. Maƙalar ta ƙare da bayanin yadda za a gina darasin jami'a a kan wannan tarihi, a haɗa shi da fiƙihu da ilimin zamantakewa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2015 wani malamin ilimin zamantakewa mai suna David Yamane ya fara koyar da darasi na musamman a kan bindiga a Jami'ar Wake Forest da ke Amurka. Hujjarsa ita ce malaman jami'a sun daɗe suna nazarin bindiga ta fuskar laifi da kisa kawai, sun bar miliyoyin mutanen da ke riƙe da ita domin farauta ko wasa ko tsaron kai ba tare da an tambayi abin da take nufi a rayuwarsu ba. Yakan kai ɗalibansa filin koyon harbi, domin wanda bai taɓa jin nauyin abin a hannunsa ba ya ji kafin ya yi magana a kansa. Darasin ya dace da ƙasarsa, domin ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta fitar a 2018 ya nuna cewa daga cikin bindigogi miliyan 857 da ke hannun farar hula a duniya, kimanin miliyan 393 suna Amurka, adadin da ya zarce yawan mutanen ƙasar.

Ɗalibin da ya zo jami'a daga Zamfara ko Katsina ko Maraɗi yana da tasa buƙatar ga irin wannan darasi, kuma ta fi tsanani. A yau idan aka ce 'yan bindiga a gidan rediyo, abin da ke faɗo wa mai sauraro shi ne ƙauyen da aka tayar da kuɗin fansa. Shekaru ɗari da hamsin da suka wuce, wannan suna na rundunar bayin sarki ne, masu tsaron fada, waɗanda har gobe ake jin ƙarar bindigoginsu a hawan Sallah. Tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu tarihi ce, kuma Musulmi suna da nasu rumbun labarai da fatawoyi da za a karanta ta da su. Tun kafin Turawa su raɗa wa wannan fanni suna, Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima kan yadda mutanen birni ke miƙa tsaronsu ga sarki da dakarunsa har jarumtarsu ta dushe, alhali mutanen ƙauye da sahara suna kwana da makamansu. Tambayarsa ita ce har yanzu ginshiƙin fannin: wa ke riƙe da makami, da izinin wa, kuma wa zai tuhume shi idan ya yi ɓarna?

2.0 Sunan makamin da hukuncinsa

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su sun nuna hanyar da makamin ya biyo. Bindiga daga bunduƙiyya ce ta Larabci, albarushi daga albarud, harsashi kuma daga arrasas, wato dalma. Kafin zuwan albarushi, Larabawa suna kiran dunƙulen yumɓu da ake harba wa tsuntsaye da sunan bunduƙ, kuma wannan tsohon suna shi ya jawo muhawara a tsakanin malamai.

Asalin mas'alar tana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim (Allah Ya yarda da shi), inda Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya bambanta dabbar da makami ya huda da tsininsa da wadda ya buge da faɗinsa. Ta farko halal ce, ta biyu kuwa ta shiga hukuncin bugaggiya da aka haramta a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. A kan wannan ne magabata suka hana cin abin da dunƙulen yumɓu ya kashe. Da harsashin dalma ya bayyana, sai aka rasa nassin magabata a kansa. Shaihu Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, ya kawo saɓanin a Hashiyarsa a kan Sharhul Kabir na Dardir: wasu sun hana bisa ƙiyasi da yumɓu, wasu kuma daga malaman Fas, irin su Ƙauri da Ibnu Gazi da Manjur da Abdulƙadir Alfasi, sun halatta, saboda harsashi yana zubar da jini kuma yana gaggauta kashewa, wanda shi ne manufar yanka. Malaman nan sun ƙi bari suna ya ruɗe su, suka dubi abin da makamin yake yi a zahiri. Wannan hanya ta duba haƙiƙar abu kafin yanke hukunci ita ce ake so ɗalibi ya ɗauka zuwa sauran tarihin.

3.0 Mamalik da Usmaniyawan Turkiyya

Mamalik sun mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. Asalinsu bayi ne da ake sayowa suna yara, a musuluntar da su, a horar da su hawan doki da harbin kibiya da wasan mashi, sannan a 'yanta su. Su ne suka karya Mongol a Ainu Jalut a 1260. Darajar Bamamluke gaba ɗaya ta rataya ne a kan wannan horo na shekaru, wanda suke kira furusiyya. Bindigar wancan zamani kuwa a ƙasa ake harba ta, kuma makonni kaɗan sun isa a koya wa kowa. Ɗaukarta na nufin sauka daga doki a tsaya sahu ɗaya da talaka.

David Ayalon, a littafinsa na 1956 kan albarushi a daular Mamalik, ya tattaro daga marubutan Masar irin su Ibnu Iyas abin da ya faru. Sarki Nasir Muhammadu ɗan Ƙayitbai, a ƙarshen ƙarni na 15, ya kafa rundunar bayi baƙaƙen fata masu bindiga, ya ɗaukaka shugabansu Farajullahi. Manyan Mamalik suka ga wannan cin fuska ne, suka kashe Farajullahi, suka tilasta wa sarkin ya watsa rundunar, kuma shi kansa bai daɗe ba suka kashe shi a 1498. Sarki Ƙansuh Alguri ya sake gwadawa a 1510 da wata runduna da aka sani da ɗabaƙa ta biyar, wadda aka tara daga 'ya'yan Mamalik da Turkumawa da masu sana'o'i, ana biyansu albashin da bai kai na mahaya ba. A watan Agusta na 1516 Sarki Salim na ɗaya ya karya Alguri a Marju Dabiƙ, kusa da Halab, a farkon 1517 kuma ya karya Tumanbai a Raidaniyya ya shiga Alƙahira. Ibnu Zunbul, wanda ya rubuta labarin wannan yaƙi, ya sanya a bakin wani jarumin Mamalik zargin cewa bindiga makamin ragwaye ne, ƙirƙirar Nasara, wanda bai dace Musulmi ya fuskanci Musulmi da shi ba.

Masana na baya, musamman Robert Irwin, sun rage wa bayanin Ayalon kaifi. Sun nuna cewa Mamalik sun mallaki igwa masu yawa, Tumanbai ya jera su a Raidaniyya sai dai an zagaye shi ta baya, kuma ha'incin gwamnan Halab, Khairu Bak, ya taimaka wajen faɗuwar Marju Dabiƙ. Wannan saɓani abin koyarwa ne a kan kansa, domin yana hana ɗalibi rataya faɗuwar daula a kan dalili guda. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne matsayin waɗanda aka ba bindigar hannu: ba daga cikin manyan dakaru aka ɗebo su ba.

Usmaniyawan Turkiyya sun bi wata hanya. Sun yi amfani da manyan igwa wajen buɗe Kustantiniyya a 1453, kuma sun ba da bindiga ga Inkishariyya, rundunar ƙasa ta bayin sarki, wadda ta rinjayi mahayan Shah Isma'il a Caldiran a 1514. Hukuma ta yi ƙoƙarin hana talakawa mallakar bindiga, amma dogon yaƙin da ta yi da Ostiriya daga 1593 zuwa 1606 ya tilasta mata neman ƙarin maharba cikin gaggawa. Sai ta riƙa ɗaukar samarin ƙauyukan Anadol marasa gona, tana ba su bindiga da albashi na ɗan lokaci. Idan yaƙi ya lafa a sallame su, albashi ya tsaya, bindiga kuwa tana hannunsu. Halil Inalcik ya nuna yadda waɗannan sallamammun dakaru suka zama ƙashin bayan tawayen Jalali, suka riƙa ɗora wa ƙauyuka haraji, har manoma suka watse daga gonakinsu a farkon ƙarni na 17, abin da tarihin Turkiyya ke kira babbar gudun hijira. Su ma Inkishariyya sun gagari iyayen gidansu: sun kashe Sarki Usmanu na biyu a 1622, kuma ba a rabu da su ba sai da Sarki Mahmudu na biyu ya rushe su da ƙarfin igwa a 1826.

4.0 Barno da Songhai

A daidai lokacin da Usmaniyawa suka kafu a Tarabulus, bayan 1551, bindiga ta ƙetaro sahara. Limamin Barno Ahmad ɗan Furtu, wanda ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma a shekarun 1570, ya lissafa cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa sarkin samun Turkawa maharba da kuma bayin gida masu yawa da suka ƙware a harbi. Ya ba da labarin yadda aka yi amfani da su a kan garuruwa masu shinge irin su Amsaka. Mai Idris ya aika jakadu zuwa Istambul wajen Sarki Muradu na uku, daga baya kuma zuwa Maroko wajen Ahmadul Mansur. A nan ma tsarin bai sauya ba: manyan Barno suna kan dawakinsu, bindiga tana hannun baƙo da bawa. Kuma da yake albarushi mai kyau da gyaran bindiga sun dogara ga hanyar sahara, rundunar ba ta ɗore da ƙarfinta ba bayan zamanin sarkin.

Ahmadul Mansur ɗin nan shi ne ya tura Judar Basha da mayaƙa kimanin dubu huɗu, akasarinsu Andalusawa da Turawan da suka musulunta, su ƙetare sahara zuwa Songhai. A Tondibi, a 1591, suka haɗu da rundunar Askiya Ishaƙa na biyu wadda ta ninka su sau da yawa. Songhai ta koro garken shanu a gaba domin su tattake maharban, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. Abin da ya biyo baya ya shafi ilimi kai tsaye: an kama malaman Timbuktu, aka tafi da Shaihu Ahmad Baba zuwa Marrakush a 1594, bai dawo gida ba sai a 1608. Maharban da suka zauna suka auri matan ƙasar, zuriyarsu ta zama wani rukuni mai mulki da ake kira Arma, daga kalmar Larabci arrumat, wato maharba. Makami ya haifi dangi, har ya ba shi suna.

5.0 Ƙasar Hausa da Daular Sakkwato

Tarihin Kano, littafin da ya jero sarakunan birnin, ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kumbari, a rabin farko na ƙarni na 18, an kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Ke nan bindiga ta shigo Kano ta kudu, daga cinikin bakin teku, kuma ta fara zama ne a ƙofar fada a matsayin alamar kwarjinin sarki.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai dogara da ita ba. A Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, Jama'a suna da dawaki ƙalilan, kuma 'yan baka ne suka tarwatsa barade masu lifidi na Sarkin Gobir Yunfa. Shekaru ashirin bayan haka, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna wa Baturen nan Hugh Clapperton sha'awarsa ta samun bindigogi ta hanyar ciniki da Ingila. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya ga harin da rundunar Sakkwato ta kai wa Gobirawa, bindigogin da ya gani 'yan gomiya ne kawai a cikin dubban mayaƙa, kuma a hannun bayi suke. Akwai dalilai na zahiri. Bindigar da ake ɗurawa ta baki tana da jinkiri, takan fashe a hannun mai ita, damina tana lalata albarushi, kuma ƙwararren ɗan baka zai saki kibau masu dafi da dama kafin mai bindiga ya sake ɗuri. Akwai kuma dalilin martaba. Doki da sulke da takobi su ne kayan ɗan sarauta, da su ake yi masa kirari, kuma ba a san barde da tsayawa nesa ya yi kisa ba.

Al'amarin ya sauya a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kamar yadda Joseph Smaldone ya bayyana a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato. Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, ya samu bindigogi da albarushi daga 'yan kasuwar Turawa da ke hawowa Kwara, ya kuma yi ƙoƙarin tsare cinikin a hannunsa. A arewa, Sarkin Damagaram Tanimu ya shigo da makamai daga Tarabulus, ya sa maƙeransa suna haɗa albarushi suna zuba igwa a cikin birnin. Sarakunan da suka samu bindiga da yawa sun danƙa ta ga bayinsu, domin bawa ba ya gadon sarauta, saboda haka ba a jin tsoron ya yi juyin mulki don kansa. A Kano, manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun ƙara ƙarfi, kuma Sean Stilwell, a nazarinsa na 2004, ya kwatanta su da Mamalik saboda irin ikon da suka tara. A Zazzau, M. G. Smith ya ruwaito yadda Sarki Yero ya yi amfani da 'yan bindigarsa a kan talakawa da masu sarauta. Daular da aka kafa a kan shawara tsakanin malamai da shugabannin jama'a sai ga ta da sarakunan da ba su buƙatar yardar hakimai kamar da, tunda suna da rundunar da ba ta jin maganar kowa sai tasu.

Rabeh ya kai wannan tsari matuƙa. Ya taso daga Sudan da runduna ta bayi masu horo, rarrabe a ƙarƙashin tutoci, ɗauke da bindigogin zamani. A 1893 ya karya Shehu Hashimi ya rushe Kukawa, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa. Daular da ta shafe ƙarnoni ta faɗi a hannun mayaƙa 'yan dubbai, ya mulke ta har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilu na 1900.

6.0 Lokacin da aka rufe ƙofa

A 1890 ƙasashen Turai suka sanya hannu a yarjejeniyar Burasal, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mutanen Afirka a faɗin yankin da ke tsakanin sahara da kudancin nahiyar. An gabatar da ita a matsayin matakin yaƙi da cinikin bayi, amma ta zo daidai lokacin da Turawa ke rabon ƙasashen, kuma ta tabbatar da cewa za su fuskanci sarakuna masu tsofaffin makamai. A Karari, kusa da Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, an kashe Ansar fiye da dubu goma cikin sa'o'i kaɗan, alhali waɗanda aka kashe a rundunar Kitchener ba su kai hamsin ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903 bayan igwa ta fasa ƙofa, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Hausawa suka raɗa wa bindigar Maxim suna bindiga mai ruwa, saboda ruwan da ke sanyaya bakinta.

Akwai abin lura a nan wanda littattafan makaranta kan tsallake. Turawan da ke cikin rundunar da ta ci Kano da Sakkwato kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa ko masu jin Hausa, cikinsu har da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. Tsohon tsarin nan na ba marar galihu bindiga shi ne Turawa suka ɗauka suka juya shi a kan masu sarauta. Bayan faɗuwar birnin, Waziri Buhari ya rubuta risalarsa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu domin kare rayukan Musulmi, wasu kuma suka zaɓi hijira. Wannan saɓani na malamai bindiga mai ruwa ce ta haifar da shi. Mulkin mallaka ya bar wa talaka adaka ta farauta kawai, kuma dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta gaji wannan tsari na lasisi.

7.0 Gina darasin

Darasin da za a gina a kan wannan tarihi yana buƙatar malamin tarihi da malamin fiƙihu da malamin ilimin zamantakewa su zauna a kan tabarma ɗaya. Abu na farko da tarihin ke koyarwa shi ne raba makami ya fi karɓo shi sauƙi. Labarin samarin Anadol ya kamata a karanta shi tare da abin da ya biyo bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, lokacin da makamai suka kwararo yankin Sahel, da kuma muhawarar da ake yi a arewa maso yammacin Nijeriya kan 'yan sa-kai da kiran da wasu ke yi na kowa ya nemi bindiga. Ɗalibin da ya san Jalali zai tambayi abin da zai faru ranar da aka daina biyan albashi, da wanda zai karɓi makamin idan ƙura ta lafa. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai takarda ce da ya dace a ɗora a kan wannan ma'auni, a ga inda ta yi aiki da inda ta tsaya a rubuce.

Abu na biyu shi ne nassoshin Shari'a sun zo da fuska biyu, kuma adalci shi ne a koyar da su tare. Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya fassara ƙarfin da aka yi umarni a tanada a aya ta 60 ta Suratul Anfal da harbi, ya maimaita har sau uku. Hadisai ingantattu sun kuma tabbatar da haƙƙin mutum na kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. A ɗaya ɓangaren, an umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, an hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, an yi barazana mai tsanani ga wanda ya ɗauki makami a kan Musulmi, kuma aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta tanadi hukuncin hiraba. Malamai sun hana sayar da makami a lokacin fitina bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, ƙa'idar da Malikawa suka fi kowa riƙo da ita. Mai safarar harsashi zuwa daji yana ƙarƙashin wannan hukunci ko da bai taɓa harbi ba. Ɗalibin da aka karantar da ayar tanadi aka ɓoye masa ayar hiraba an ba shi rabin ilimi, kuma rabin ilimi a wannan babi yana kashe mutane.

Abu na uku ya shafi hanyar bincike. Jami'a a Kano ko Sakkwato ba ta buƙatar filin koyon harbi domin ɗalibanta su san bindiga, tunda da yawansu sun ji ƙararta da dare. Abin da suke buƙata shi ne su koyi sauraro da tsari: su zauna da maƙeran da ke ƙera adaka, da ƙungiyoyin mafarauta da sarakunansu, da 'yan bindigar fada, da tsofaffin sojoji, da matan da aka kashe wa mazaje. Wajibi ne malami ya kiyaye amincin ɗalibai da sirrin waɗanda aka zanta da su, ya kuma tuna cewa a ajinsa akwai wanda aka sace mahaifinsa, akwai kuma wanda aka kashe ɗan'uwansa bisa zargi kawai saboda ƙabilarsa. Ajin da zai iya riƙe waɗannan biyu su karanta Ibnu Khaldun tare ya yi aikin da wa'azi kaɗai bai yi ba.

8.0 Kammalawa

Daga Alƙahira zuwa Kano, bindiga ta shiga daulolin Musulmi ta ƙofar baya. Mahaya sun raina ta, sarakuna suka ba bayi da baƙi, waɗannan kuma suka zama ƙarfin da ya ɗaga sarki a kan majalisarsa, wani lokaci ya juyo ya cinye sarkin. Inda hukuma ta raba ta ga matasa marasa abin yi sannan ta juya musu baya, manomi ne ya biya. Malaman Fas sun dubi abin da harsashi ke yi wa dabba kafin su yi fatawa. Malaman wannan zamani suna da nauyin duba abin da bindiga ke yi wa al'umma, su tarbiyyantar da alƙalai da limamai da masu mulkin gobe waɗanda za su yi tambaya kafin a raba makami: wa za a ba, wa zai sa masa ido, kuma yaya za a karɓe shi. Allah Shi ne Mafi sani.